Jifan faifai a dajin DeLaveaga

Tsakanin San Jose da Santa Cruz, a jihar Kalifoniya ta Amurka, tafiyar kilomita 50 ce da 'yan kai, amma babban titi mai lamba 17 ba ya barin fasinja ya yi gyangyaɗi. Hawa yake yi yana nannaɗe duwatsu har ya kai wajen mita 550 sama da teku, sannan ya gangara kwana bayan kwana, kuma ba mai rage gudu. Ɗan ƙanwata ne a kan sitiyari. Ma'aikaci ne a wani kamfanin kwamfuta a San Jose, a gidansa na sauka, kuma tun isowata ba shi da hira sai ta wani wasa da ya shiga ransa. Ni na damƙe hannun ƙofa ina salati, shi kuma yana nuna min hagu da haɓa, wai cikin waɗancan duwatsun ne girgizar ƙasar Loma Prieta ta 1989 ta taso, wadda ta rusa tsakiyar garin da muka nufa. Na ce masa ya ajiye wannan labarin sai mun sauka lafiya.

Wasan shi ne golf na faifai, kuma dokarsa ba ta da wuyar ganewa. Ka tsaya a kan wani dandamalin siminti ka wurga faifan roba, ka bi shi inda ya faɗi, ka sake wurgawa daga nan, har sai ya shiga kwandon ƙarfe da aka kafa can nesa. Wannan zango ɗaya ke nan. Daga nan ka wuce dandamali na gaba. Wanda ya kammala zagayen da jifa mafi ƙaranci shi ne gwani. Akwai filayen wasan kusa da gida, amma yaron ya ce in dai zan gani da idona, to sai a DeLaveaga, don a can ake sanin wanda ya iya.

DeLaveaga wurin shaƙatawa ne na hukumar birni, a kan tuddan da ke arewa maso gabas da Santa Cruz. Sunan wani attajiri ne, José Vicente de Laveaga, haifaffen Meziko, wanda ya sayi yankin ya mai da shi gona da wurin hutawarsa. Da ya rasu a 1894 aka tarar ya yi wasiyya a bar wa jama'a fili mai faɗin eka fiye da 500. Wakafi ke nan, ko da shi bai kira shi haka ba. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne fiye da shekara 125 sun wuce ba a yanka filin fuloti-fuloti an sayar ba, alhali Santa Cruz na cikin garuruwan da hayar gida ta fi tsada a duk Amurka. A cikinsa akwai filin golf na ƙwallo mai koriyar ciyawa, da wurin masu harbin kwari da baka, da hanyoyin ƙafa. Can sama kuma, inda tudu ya fi tsayi kwazazzabai suka fi zurfi, inda a da mutane ke zuwa zubar da shara a ɓoye, nan ne masu jifan faifai suka samu. Wani mutum mai suna Tom Schot ya tsara filin a 1984. Zango na ƙarshe lambarsa 27, kuma 'yan wasa DeLa kawai suke kiran wurin.

Da hantsi muka isa, hazon teku bai gama yayewa ba. Ƙarshen rani ne, watanni ke nan ba a ga ɗigon ruwa ba, don su a can da sanyi ake yi musu ruwan sama. Babu ƙofa, babu maigadi, babu tikiti. Ɗan kuɗin ajiye mota kawai muka biya. A wurin ajiye motocin na ga matasa da allon hawan igiyar ruwa ɗaure a rufin mota, da tsofaffi masu furfura kowa da 'yar kujerarsa mai naɗewa, da wata mata da 'yarta, da wasu da daga gani daga wurin aikin gini suka ratso. Kafin in gama kallonsu kunnena ya ɗauki wata ƙara, cas! cas!, ashe sarƙa ce, ana gwada hannu a wani kwando da ke gefe.

Kwandon nan ya cancanci a tsaya a dube shi. Sandar ƙarfe ce kafe a ƙasa, tsayinta ya kai ƙirjin mutum. Wajen santimita 80 daga ƙasa akwai bakin kwando mai faɗin kusan santimita 66, a can sama kuma wani zobe ne da sarƙoƙi ke reto daga jikinsa suna haɗuwa a jikin sandar. Aikin sarƙoƙin su shanye gudun faifai ya zube cikin kwando. Ed Headrick ne ya ƙirƙiro shi. Tsohon ma'aikacin kamfanin kayan wasa na Wham-O ne, shi ya gyara fasalin faifan Frisbee da ake jefa wa juna a bakin teku, sannan a 1975 ya kafa filin farko na dindindin a Oak Grove, kusa da Pasadena a kudancin jihar. A can sanduna kawai aka kakkafa, kullum kuma sai an yi musu, ya taɓa sanda, bai taɓa ba. Kwando mai sarƙa, wanda aka yi masa rajistar mallaka a 1977, shi ya kashe musun: ko faifai yana ciki ko ba ya ciki. A 1976 Headrick ya kafa ƙungiyar PDGA, wadda har yau ita ke tsara dokokin wasan, da kamfanin DGA mai ƙera kwanduna, wanda ke Watsonville, tafiyar rabin awa daga inda muke tsaye. A wannan yankin ya rasu a 2002, kuma bisa wasiyyarsa aka ƙona gawarsa aka cuɗa tokar cikin robar wasu fayafayai. Da yaron ya gaya min haka na ce Allah Ya kyauta, na kuma tambaye shi ko akwai irinsu a jakarsa. Ya rantse babu.

Jakar kuwa cike take. Faifan wannan wasa ya fi na bakin teku ƙanƙanta, ya kuma fi shi nauyi: faɗinsa santimita 21 da ɗoriya, nauyinsa yawanci tsakanin giram 150 da 180, doka kuma ta hana ya wuce 200. Na jifan nesa bakinsa siriri ne yana yanka iska, fasalin da Dave Dunipace ya fito da shi a kamfanin Innova a 1983. Na jifan kusa bakinsa a dakushe yake, ba ya nisa amma yana tafiya inda aka aike shi. Sai na tsaka-tsaki. A jikin yawancinsu an buga lambobi huɗu: na gudu, na daɗewa a iska, na yadda yake karkata yayin da yake da ƙarfi, da na yadda yake kwanciya idan ƙarfin ya ƙare.

"Kawu, wannan za ka riƙe," in ji shi, ya miƙo min na tsaka-tsaki da na kusa. "Na nesa sai hannu ya nuna."

Ban yi musu ba. A wannan fage shi ya riga ni kwana.

Zangon farko hawa ne. Kafin in yi jifa ya nuna min yadda ake yi: ƙarfin daga ƙugu yake fitowa, mutum ya juya wa kwandon kafaɗa, ya miƙa hannu can baya, ya jawo faifan a miƙe ta gaban ƙirjinsa ya sake shi a kwance. Idan mai amfani da hannun dama ya yi irin wannan jifa, faifan yana juyawa ne irin juyin hannun agogo, kuma duk inda ya nufa, da zarar gudunsa ya ragu sai ya kwanta hagu. Shi ya sa gwani ba ya saitin kwando kai tsaye, dama da shi yake saiti ya bar faifan ya dawo da kansa. In kuwa hanyar dama ta lanƙwasa, sai ya ɗaga gefen faifan na waje kafin ya sake, ko ya juya ya yi jifan gaban hannu, wanda ke ƙarewa dama. Saukar da gefen waje suke ce wa haiza, ɗaga shi kuma anhaiza, kuma ba ka yin minti biyar a filin ba ka ji ɗayansu ba. Nawa faifan ya tashi sama kamar zai yi abin kirki, ya tsaya cak, ya faɗo hagu cikin busasshiyar ciyawa, bai yi nisan da zan gaji wajen ɗauko shi ba.

Wani dattijo Bature da ke jiran mu wuce ya tambaya ko zai shiga cikinmu. Al'adar wurin ke nan, wanda ya zo shi kaɗai ya raɓi wasu. Ba shi da jakar goyo, fayafayai uku ne kawai a cikin wata tsohuwar jakar yadi, duk sun ƙoƙe. Ko gudu bai yi a kan dandamalin ba, taku ɗaya ya yi ya saki faifan, ya tafi ƙasa-ƙasa a miƙe ya ratsa tsakanin bishiyoyi biyu ya kwanta kusa da kwando. Ya dube ni ya ce, "Nan ba filin ƙarfi ba ne. Ƙofa za ka nema."

Da muka nutsa cikin dajin na fahimci maganar tasa. A golf na ƙwallo ana sare itatuwa a shuka ciyawa a yi ta ban ruwa. A nan an bar daji yadda aka same shi, kuma shi ne abokin karawar. Daga kan dandamali sau da yawa ba ka ma ganin kwandon, sai dai allo ya nuna maka inda yake. Abin da ke gabanka wasu itatuwa ne da suke kira ok, masu karkatattun rassa da ke miƙewa gefe kusan su taɓa ƙasa, da wasu dogaye masu ganye irin allura, sai wata 'yar ƙofa a tsakaninsu da ba ta fi faɗin mota ba. Dole faifanka ya shiga ta nan, a daidai tsayin da ya kamata, a daidai karkatar da za ta sa ya bi lanƙwasar hanyar bayan ya wuce. Ka kuskure da kamu ɗaya, sai ka ji ƙwas! Faifan ya daki kututture ya yi tsalle inda ya ga dama. Duk yinin nan ƙara biyu ke tashi a dajin, ta sarƙa da ta itace, kuma ta itacen ta fi yawa.

Doka kuma ta tsaya wa bishiya. Ba a karya reshe, ba a tanƙwara shi don a samu hanya. Inda faifanka ya kwanta, a nan bayansa za ka sa ƙafa, cikin ɗan wuri mai faɗin santimita 20 da tsawon 30, ko da cikin sarƙaƙiya ne. Na ga wani saurayi ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya ƙarƙashin wani daji-daji, ya miƙe ɗaya ƙafar can baya don ta taɓa gurbin, ya yi jifa daga tsugune. A wasu gasanni ma, in faifanka ya maƙale a bishiya sama da mita biyu, sai an ƙara maka jifa ɗaya na tara. Sauran ladubban ba su da yawa. Wanda ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, kowa ya koma bayansa ya yi shiru. In faifai ya nufi mutane sai a ƙwala ihu a ce "Fo!", duk wanda ya ji ya sunkuya ya rufe kai. Ba alƙalin wasa, kowa shi ke ƙirga nasa, abokan tafiyarsa su ne shaidu.

A wani gangare ƙamshi ya tsayar da ni tun kafin in ɗaga kai. Bishiyar turare ce, dangin wadda aka shuka jere-jere don tare iska da rairayi a ƙasashen Kano da Jigawa. Asalinta Ostareliya, kuma tun shekarun 1850 aka kawo ta Kalifoniya. Ta nan wani nau'i ne daban, ta fi tamu tsayi da kauri nesa ba kusa ba, ɓawonta yana saɓulewa dogo-dogo ya taru a ƙasa. Na murtsuke ganye ɗaya na shaƙa. Dattijon ya ce mutanen yankin sun rabu a kanta, wasu na sonta don inuwa da ƙamshi, wasu na cewa baƙuwa ce mai danne itatuwan gida, ga ta da saurin kama wuta. Shi dai nasa ƙorafin bai wuce santsin ɓawon a ƙarƙashin takalmi ba.

Amma abin da ya yi wa DeLa suna a duniyar wannan wasa shi ne ƙasarta. Rani da sawun dubban mutane sun daddaɓe ta ta yi tauri, saiwoyi sun fito fili, kuma kwanduna da yawa a bakin kwazazzabo aka kafa su. A wani zango yaron ya yi jifan da har dattijon ya yaba. Faifan ya bi lanƙwasar hanya sarai ya sauka taku kaɗan daga kwando. Sai gefensa ya daki wata saiwa, ya miƙe tsaye a kan bakinsa, ya fara mirginawa a hankali. Muna kallo ya wuce kwandon, ya ɗan yi jinkiri a bakin gangare kamar mai shawara, sannan ya ɓace. Muka yi ta jin motsinsa cikin busassun ganyaye yana ƙara nisa. Dattijon ya ce, "DeLa ta gaishe ka." Yaron ya cire hula ya mayar.

Wannan mirginawar ce ke sauya lissafin wasan gaba ɗaya. A fili mai laushi, in kana mita goma sha biyar daga kwando, kana iya gwada sa'arka, in bai shiga ba ya faɗi kusa. A nan in ka gwada ka kuskure sarƙa, faifan ya wuce da gudunsa ya gangara inda sai ka yi jifa biyu ko uku kafin ka dawo. Don haka a kowane zango akwai shawarar da za ka yanke: ka nemi kwando, ko ka ajiye faifan a gindinsa a kwance, a hankali, ka karɓi ƙarin jifa ɗaya ka wuce da mutuncinka. Dattijon kusan kullum ajiyewa yake yi. Yana karkatar da faifan daidai da gangaren ƙasar don ya sauka da cikinsa, ba da gefensa ba. Yaron kuwa jinin ƙuruciya, sarƙa yake nema, wani lokaci ya samu mu yi masa tafi, wani lokaci ya gangara kwazazzabo. Da aka yi nisa dattijon ne a gaba, kuma ban ga ya yi jifa ɗaya mai ban mamaki ba tun bayan na farko. A cikin mita goma na ƙarshe ma akwai wata doka: bayan ka saki faifan ba ka taka gaba sai ka nuna ka tsaya daram. A nan ne na ga hannun manya yana rawa.

Da na tashi bin yaron cikin kwazazzabon ya ɗaga min hannu. "Tsaya nan, Kawu. Ka ga wancan mai ganye uku-uku da ya fara ja? Kada ka bari ya taɓa ka." Wani tsiro ne mai dafi da ya cika dazukan Kalifoniya, wani wuri ya tsaya da kansa, wani wuri ya naɗe bishiya. Ganyensa da rassansa suna da wani mai da ke manne wa fata da tufafi. Wanda ya san karara a dajinmu ya san irin azabar, sai dai ita karara nan take take kama mutum, wannan kuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙuraje da ƙaiƙayi za su fito, su kuma yi makonni. Shi ya sa yawancin 'yan wasan ke sa dogon wando duk da zafi. Yaron ya sauka yana zaɓen inda zai taka, ya dawo da faifai biyu, nasa da wani ja da ya tsinta ƙarƙashin ganye.

A bayan jan faifan an rubuta suna da lambar waya da alƙalamin da ba ya gogewa. Kowa haka yake yi. Doka ta ba mutum minti uku ya nemi faifansa, in bai gani ba ya koma inda ya yi jifa ya sake, da tarar jifa ɗaya, shi kuma faifan ya zama na daji har sai wani ya ci karo da shi. Wanda ya tsinta ana sa ran ya nemi mai shi. Nan take yaron ya aika saƙo ya jefa faifan cikin jaka. Kuɗinsa bai wuce dala 20 ba, amma ya ce wanda ya daɗe da faifai ya san halin tashinsa, sabo ba ya maye gurbinsa.

Azahar ta same mu a wani ɗan sarari ƙarƙashin itacen ok. Muka yi alwala da ruwan gora, yaron ya duba alƙibla a waya. Dattijon ya zauna a benci yana cin tuffa, wasu 'yan wasa da suka biyo bayanmu suka rage murya suka wuce zango na gaba.

Bencin da ya zauna a kai, da matakalar katako da ke kan gangare, da gungumen da aka jera don tare zaizaya, da ɓarzajjen itace da aka zuba a gindin kwanduna, duk aikin ƙungiyar 'yan wasan filin ne. Fili na hukuma ne, amma masu jifa ke fitowa aikin gayya da shebur da baro. Kuma aikin ba na ado ba ne, dole ce. Wasan nan kyauta ne ga mai jifa, amma daji yana biya. Na ga bishiyoyin da ke gaban dandamali, gefensu mai fuskantar masu jifa duk tabo ne. Na ga saiwoyin da ƙasa ta janye ta bar su a waje, da gangaren da ba ciyawa ko ɗaya saboda sawu. Ana sauya wa kwanduna gurbi lokaci-lokaci, abin da ke sabunta wasan ya kuma ba ƙasa hutu, amma duk wanda ya ce wannan wasa ba ya taɓa daji bai zo DeLa da rani ba. A ganina dai cinikin bai ɓaci ba. Wurin da a da juji ne, yanzu yana da ɗaruruwan mutane da suka san kowace bishiya a cikinsa, kuma in ɗaya ta faɗi su ne farkon masu jimami, ko don zangon da ta lalata musu.

Wani abin kuma, dandamalin da na tsaya a kai ina fama, a kansa zakarun duniya ke tsayawa. Kowace shekara ana yin gasar Masters Cup a nan, kuma a 2011 DeLa na cikin filayen da aka yi gasar duniya a kansu. Nate Doss, ɗan yankin da ya tashi yana jifa a wannan daji, shi ya lashe ta, karo na uku bayan 2005 da 2007. Yanzu kuɗi ya shigo wasan. A 2021 Paul McBeth, wanda ya ci gasar duniya sau shida, ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 10 na shekara goma da kamfanin Discraft. Annobar korona ta 2020 ta ƙara masa jama'a, don wasa ne na waje da ba ya buƙatar cunkoso. Filayensa a duniya sun haura 15,000, mafi yawansu kyauta. Ƙasar Finlan kaɗai, mai mutum miliyan biyar da rabi, tana da fiye da 1,000, kuma a can aka yi gasar duniya ta 2025, karon farko a wajen Arewacin Amurka. Duk da haka ranar Litinin bayan gasa, mai aikin gini da 'yar makaranta za su dawo su yi jifa a kwandunan da zakaru suka bari.

Zangunan ƙarshe hawa ne tsagwaronsa, kuma a nan gwiwoyina suka fara kai ƙara. Muna hawa muna jifa, faifai ya tafi gaba kaɗan, wani lokaci ya mirgino ya tarye mu. Da muka kai dandamali na 27 sai daji ya buɗe. Wannan zango suke kira Ƙololuwar Duniya. Garin Santa Cruz yana shimfiɗe a ƙasa, bayansa mashigin tekun Monterey yana ƙyalli, hazo ya janye sarai. Yaron ya nuna min wani dogon tudu shuɗi-shuɗi can ƙetaren ruwa, ya ce a bayansa filin golf na Pebble Beach yake, inda zagaye ɗaya ya haura dala 600. Kwandonmu kuwa yana can ƙasa kusa da inda muka ajiye mota, nisan da ya haura mita 150, gangaren kuma wajen mita 30. Daga nan sama bai fi ɗan yatsa ba.

Akwai layi, don ba mai sauri a wannan dandamali. Wasu in sun yi jifan da za a ƙirga sai su ƙara wani don daɗi. Ana jira sai an tabbata ba kowa a ƙasa. Dabarar jifa daga tudu ita ce a sunkuyar da hancin faifan ya bi gangaren. Wanda ya wurga shi sama, iska za ta ɗauke shi ta kai shi hagu can cikin itatuwa. Ita iskar ma ba ƙaramar abokiyar aiki ba ce, don jifa mafi nisa da aka taɓa rubutawa, mita 338, David Wiggins Jr. ya yi shi ne a 2016 a hamadar Nevada da iska mai ƙarfi a bayansa. Yaron ya ciro na nesa ya ja baya ya sako shi da duk ƙarfinsa. Ya tafi dama, ya daɗe yana shawagi, ya dawo ya wuce kwandon ya faɗi can gaba. Dattijon ya yi takunsa ɗaya, nasa ya sauka inda ya saba sauka.

Ni na ce bismillah na saki na tsaka-tsakin da na yini da shi. Wannan karon ya fita a kwance. Ƙasa ta janye daga ƙarƙashinsa, ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, har na ji mutanen da ke bayana suna cewa "tafi, tafi!" Sai da ya ci fiye da rabin hanya sannan ya kwanta hagu, kamar yadda aka ce zai yi, ya shige cikin rassan wata bishiya, ya zubo ƙasa da ganye a bayansa. Yaron ya rungume ni kamar na ci kofi. Sauka daga tudun ta ɗauke mu lokaci fiye da jifan.

A wurin mota dattijon ya ba mu hannu ya tafi, ko sunan juna ba mu riƙe ba. Yaron ya sa na cire takalmi ya ƙulle su a leda, ya fito da sabulu da ruwan sanyi ya ce in wanke hannu har gwiwar hannu saboda man tsiron nan, tufafin kuma in mun koma gida a wanke su daban. Ya duba manhajar UDisc da ya yini yana rubuta makinmu a ciki, ya faɗi nasa da na dattijon. Da na tambayi nawa ya ce ba a faɗar na baƙo.

Muna shirin tashi wayarsa ta yi ƙara. Mai jan faifan ne. Ya ce tun lokacin sanyin bara ya ɓace masa, ya riga ya koma wata jiha, wanda ya tsinta ya riƙe. Yaron ya juya faifan ya duba lambobin jikinsa, ya miƙo min.

"Naka ne, Kawu. Amma na nesa ne, kada ka fara da shi."